Yadda Ake Gane Ciwon Asma Tun Kafin Ya Yi Tsanani

Kowace shekara, da zarar kaka ta wuce, iskar hunturu ta fara kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura, sai tari ya game ko'ina. Za a ji shi a ofisoshi, a ji shi a azuzuwa da ɗakunan kwanan ɗalibai, a ji shi cikin motocin haya. Yawancin masu wannan tari mura ce kawai ke damunsu, bayan mako guda ko biyu sai su warware. Amma a cikinsu akwai waɗansu da nasu tarin ba ya tafiya, ko kuwa ya tafi ya dawo, ya hana su barci da tsakar dare, ya sa su haki in sun hau bene ko sun yi ɗan gudu. Da dama daga cikin irin waɗannan mutane ciwon asma gare su, ba su kuwa sani ba. Wani sai ya shekara biyar yana sayen maganin tari a kemis, yana cewa sanyi ne ya kama masa ƙirji.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da asma a duniya, kuma a cikin wannan shekara kaɗai ta yi sanadin mutuwar mutum 455,000. Mafi yawan waɗanda suka mutu ɗin a ƙasashe matalauta da masu tasowa suke, watau inda ba a cika gane ciwon da wuri ba, maganinsa kuma ba kowa ke samu ba. A nan Nijeriya, wani bincike da likitoci suka gudanar a birane daban-daban, wanda aka buga a 2019, ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 13 ke ɗauke da ciwon.

Ko a ƙasashen da asibitoci suka wadata, rashin gane alamomi da wuri yana jawo asarar rayuka. A shekarar 2014 wata babbar ƙungiyar likitoci da ke Landan ta fitar da rahoto bayan ta bi diddigin mutuwar mutum 195 da asma ta kashe a Birtaniya. Aka tarar kashi 45 cikin 100 na waɗannan mutane sun cika ba tare da sun nemi taimako ba, ko kuwa kafin taimakon ya iso gare su. Fiye da rabinsu kuma ana ɗaukar ciwon nasu a matsayin mai sauƙi ne ko matsakaici. Abin da wannan ke nuna mana shi ne, asma takan yi sallama kafin ta shigo, sai dai sau da yawa ba a gane muryarta.

SUNAN CIWON

Wajibi ne mu fara warware wani ruɗani da ke cikin harshenmu. Tun da can Hausawa na kiran ciwon da ke sarƙe numfashi da sunan fuka. To, amma a yau in an ce tarin fuka a rediyo ko a asibiti, galibi tarin tibi ake nufi, wanda ƙwayar cuta ke kawowa, ake kuma ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum. Asma dabam take. Ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba, ba a kuma ɗaukarta ta hanyar tari, ko cin abinci tare, ko kwana ɗaki guda. Saboda wannan haɗuwar suna, akan sami mai asma da mutane ke gudu ba gaira ba dalili, akan kuma sami mai tibi da ke zaune gida yana cewa ai fuka ce ta gado, alhali yana yaɗa cuta ga iyalinsa.

Kalmar asma daga harshen Girkanci ta fito, ma'anarta kuwa haki. Ciwo ne da aka daɗe da sani, domin tun a ƙarshen ƙarni na 12 shahararren likitan nan Musa ibn Maimun ya rubuta littafi guda a kansa da Larabci a ƙasar Masar.

ABIN DA KE FARUWA A ƘIRJI

Mai karatu ya ɗauki hanyoyin iska da ke cikin huhu kamar itaciya da aka kifa, gindinta a sama, rassanta a ƙasa. Maƙogwaro shi ne gindin, daga nan ya rabu biyu, kowane reshe ya yi ta rarrabuwa har ya zama ƙananan bututu sirara. Ga mai asma, bangon waɗannan bututu a kumbure yake daga ciki, yana kuma da saurin fusata. In ya shaƙi abin da bai dace da shi ba, abu uku ke faruwa: kumburin ya ƙaru, tsokar da ke kewaye da bututun ta tsuke, sa'an nan majina mai kauri ta taru a ciki. Hanyar iska ke nan ta ƙuntata. Duk wanda ke son ya ɗanɗana yadda abin yake, ya toshe hancinsa ya gwada numfashi ta cikin bututun biro na minti guda.

Abin lura a nan shi ne, tsukewar takan zo ta wuce, amma kumburin yana nan ko a ranar da mutum ke jin garau. Shi ya sa mai asma ke iya wuni yana aikinsa lafiya lau, da dare kuma ya kasa kwanciya. Wannan zuwa da tafiya shi ne babban abin da ke ruɗa mutane, shi ne kuma babban abin da ake gane ta da shi.

ALAMOMI HUƊU

Alama ta farko ita ce tari. Galibi busasshe ne, ko kuwa a fitar da ɗan kaki fari mai yauƙi bayan an sha wahala. Ya fi tsananta da dare da kuma gab da asuba. Akwai mutanen da tarin nan kaɗai ne alamar da suke da ita, ba su taɓa jin numfashinsu ya sarƙe ba.

Ta biyu ita ce kukan ƙirji, watau wani siririn sauti kamar fito, ko kamar kukan ɗan kyanwa, wanda aka fi ji sa'ad da mutum ke fitar da numfashi. Wani lokaci na kusa da shi ma yana ji, wani lokaci kuwa sai likita ya ɗora abin sauraren ƙirji.

Ta uku ita ce ƙarancin numfashi. Mutum ya ji iska ba ta isarsa, ko ya ji ta shiga amma ta ƙi fita. Aikin da bai saba gajiyar da shi ba, kamar hawa bene ɗaya ko tafiya daga tasha zuwa ofis, sai ya sa shi tsayawa yana haki.

Ta huɗu ita ce ɗaurewar ƙirji. Masu ciwon kan ce kamar an ɗaure su da igiya, ko kamar an ɗora musu dutse. Yara ƙanana da ba su iya bayani ba sukan ce ƙirjinsu ko cikinsu ke ciwo.

Ba lalle ne alamomin nan su haɗu duka ga mutum guda ba, kuma kowace ɗaya daga cikinsu wani ciwo dabam yana iya kawo ta. Saboda haka abin da ya fi muhimmanci shi ne a lura da ɗabi'arsu.

ƊABI'AR ASMA

Ga tambayoyin da ya kamata mutum ya yi wa kansa, ko ya yi game da ɗansa. Shin alamomin nan suna zuwa ne suna tafiya, yau da tsanani, gobe da sauƙi? Suna tashinsa daga barci, musamman wajen ƙarfe uku zuwa biyar na dare? Suna tasowa in ya yi gudu, ko ya yi dariya ƙwarai, ko ya shaƙi iska mai sanyi? Mura in ta kama shi takan sauka a ƙirji, ta wuce kwana goma ba ta sake shi ba? Akwai wani lokaci na shekara, ko wani wuri, da abin ya fi tashi? Akwai mai asma a cikin iyaye ko 'yan'uwa? Shi kansa yana da yawan atishawa da ƙaiƙayin hanci da ido, ko ciwon fata mai ƙaiƙayi tun yana yaro? In amsar biyu ko uku daga cikin tambayoyin nan i ce, to, lokacin ganin likita ya yi.

Game da abubuwan da ke tayar da ita kuwa, kowane mai asma da nasa. A ƙasarmu ƙurar hunturu ce kan gaba. Wani babban kaso na wannan ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi iska ke kwaso shi, daga watan Nuwamba har zuwa Maris, tare da sanyi da bushewar iska, su kansu kuwa suna tsuke hanyoyin numfashi. Sai hayaƙi iri-iri: na itacen girki, na taba, na janareta, na bola da ake ƙonawa, na maganin sauro da ake kunnawa a ɗaki, har da turaren wuta. Akwai ƙaiƙayin gero da dawa lokacin sussuka da shiƙa. A cikin gida akwai kyankyasai, da gashin kyanwa, da tattabaru da kaji, da fumfunar da ke fitowa a bango da damina, da waɗansu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani waɗanda ke zaune cikin katifa da matashin kai da darduma. Waɗansu magunguna ma suna tayar da ita ga wasu mutane, kamar asfirin da ibufurofen, da wani rukuni na magungunan hawan jini irin su furofuranolol. Shi ya sa ya wajaba mai asma ya shaida wa duk likitan da zai rubuta masa magani.

Hayaƙin motoci shi ma ba abin rainawa ba ne. A watan Disamba na 2020 mai binciken musabbabin mutuwa a Landan ya yanke hukunci cewa gurɓatacciyar iska na cikin abubuwan da suka yi sanadin mutuwar wata yarinya 'yar shekara 9 mai asma, wadda ta rasu a 2013, gidansu kuwa yana kusa da wata babbar hanya mai cunkoson motoci.

YARA DA ƊALIBAI

Asma ita ce ta fi kowane daɗaɗɗen ciwo yawa a tsakanin yara. A ƙuruciya maza sun fi mata kamuwa, bayan balaga kuwa sai abin ya juya, mata su fi yawa. Ga yaron da bai kai shekara biyar ba, tabbatar da ita na da wuya, domin yara da yawa ƙirjinsu kan yi kuka in mura ta kama su, in sun girma kuma abin ya wuce. Amma in kukan ƙirjin ya yi ta dawowa, ko yana zuwa ko da babu mura, ko yaro na tari in ya yi wasa ko kuka ko dariya, to, iyaye su kai shi a duba. Ga jariri, a lura in yana kasa shan nono saboda haki, ko hancinsa na buɗewa da rufewa, ko fatar da ke tsakanin haƙarƙarinsa da ta ƙasan wuyansa na lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja numfashi.

A makaranta kuwa, musamman ta kwana, alamomin sukan ɓuya a bayan waɗansu sunaye. Yaron da kullum shi ne na ƙarshe a gudun safe, ko wanda ke neman a sa shi gola don kada ya yi gudu, sai a ce rago ne. Yarinyar da ke gyangyaɗi a aji domin tari ya hana ta barci jiya, sai a ce ba ta son karatu. Wanda ke tari duk ranar da aka sa shi sharar ɗakin kwana, sai a ce ƙarya yake don ya guje wa aiki. Malamin wasanni ya lura da wannan: asmar da motsa jiki ke tayarwa takan fara ne ana cikin gudu, ko kuwa minti biyar zuwa goma bayan an tsaya. Sauran yara sun huta sun koma hira, shi kuwa a lokacin nasa tarin ke ƙaruwa. Gajiya ta yau da kullum ba haka take ba, domin ita da an tsaya take raguwa.

MA'AIKATA

Kuskure ne a ɗauka cewa asma ciwon yara ne kaɗai. Tana iya fara wa mutum yana da shekara 30 ko 50, wani lokaci kuma aikinsa ne sanadi. An san haka ga masu aikin gidan burodi saboda garin fulawa, da masu fentin mota, da kafintoci, da ma'aikatan masaƙa, da masu injin niƙa, da masu kiwon kaji, da masu aiki da magungunan wanke-wanke masu ƙarfi. A ofis ma ƙurar tsofaffin fayil da kafet da aka daɗe ba a kakkaɓe ba suna tayar wa wanda ke da ita. Akwai tambaya guda mai sauƙi da ke fayyace al'amarin: shin kana samun sauƙi ranar Asabar da Lahadi, ko lokacin hutun shekara, sa'an nan abin ya dawo in ka koma bakin aiki? In haka ne, a gaya wa likita da wuri, domin in aka raba mutum da abin da ke cutar da shi tun da farko, yana iya warwarewa, in kuwa aka daɗe, ciwon kan zauna.

CUTUTTUKAN DA KE KAMA DA ITA

Ba duk mai tari da haki ke da asma ba, kuma yi wa kai hukunci a gida na da hatsari. Tarin da ya kai mako biyu, tare da rama, da zazzaɓi, da gumin dare, ko jini a cikin kaki, alamar tibi ce, a hanzarta zuwa gwajin kaki, wanda ake yi kyauta a cibiyoyin tibi na gwamnati. Zazzaɓi mai zafi da ciwon gefen ƙirji da numfashi da sauri da suka zo cikin kwana biyu ko uku sun fi kama da limoniya. Yaron da ke wasa lafiya, ba zato ya sarƙe da tari, daga nan ƙirjinsa ya fara kuka, wataƙila gyaɗa ko wani ɗan abu ne ya faɗa masa hanyar iska, wannan kuwa aikin gaggawa ne.

Dattijon da ya daɗe yana shan taba, ko matar da ta shekara talatin tana girki da itace a cikin ɗaki, in numfashinsu na ƙaranci kullum ba sauƙi, yana kuma ƙaruwa shekara bayan shekara, mai yiwuwa huhun ne hayaƙi ya lalata, wanda ciwo ne dabam. Haka nan ciwon zuciya yana sa haki da kukan ƙirji da dare, amma shi yakan zo da kumburin ƙafafu da kasa kwanciya sai an tara matasan kai. Tun a shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka yi rubuce-rubuce a kan wani ciwon zuciya da ke yawan kama mata a wannan yanki bayan haihuwa. Saboda haka maijegon da ta fara haki da kumburi, kada a ce asma ce a ba ta abin shaƙa, asibiti za a kai ta.

A GABAN LIKITA

Sau da yawa ranar da mai asma ya je asibiti ƙirjinsa shiru yake, likita ya saurara bai ji kome ba. Wannan bai nuna cewa babu ciwon ba. Abin da zai fi taimakon likita shi ne labari cikakke. Yana da kyau mutum ya sami ɗan littafi ya riƙa rubutawa har mako biyu ko huɗu: ranar da tari ya tashe shi, da ƙarfe nawa, abin da yake yi sa'ad da abin ya taso, da abin da ya kawo sauƙi.

Akwai kuma gwaje-gwaje. Ɗaya shi ne ma'aunin ƙarfin huci, ɗan ƙaramin abu da wani likitan Ingila mai suna Martin Wright ya fito da shi a shekarun 1950. Mutum zai cika ƙirjinsa da iska ya hura da iyakar ƙarfinsa, ma'aunin ya nuna lamba. In ana aunawa safe da yamma aka ga lambar na hawa da sauka ƙwarai, alamar asma ce. A manyan asibitoci akwai na'urar sifirometa, wadda ke auna yawan iskar da mutum ya fitar a cikin daƙiƙa ta farko. Akan auna, a ba shi maganin buɗe hanyar iska ya shaƙa, a jira kamar minti 15 a sake aunawa. Ga babba, in iskar ta ƙaru da kashi 12 cikin 100 da kuma mililita 200 ko fiye, wannan shaida ce mai ƙarfi. Hoton ƙirji ba ya nuna asma, ana ɗaukarsa ne don a tabbatar ba wani ciwon ba ne.

ALAMUN CEWA CIWON NA ƘARUWA

Wanda aka riga aka tabbatar masa da asma, shi ma akwai alamomin da zai riƙa dubawa. Magungunan asma na shaƙawa, waɗanda aka fi sani da inhela, iri biyu ne. Akwai mai buɗe hanyar iska nan take, irin su salbutamol, wanda aka fi sani da sunan Ventolin, galibi a shuɗin mazubi. Akwai kuma na rigakafi, wanda ke kwantar da kumburin nan na ciki sannu a hankali. Na farko yana kawo sauƙi cikin mintoci, amma ba ya taɓa kumburin. Shi ya sa tun 2019 kwamitin masana na duniya da ke tsara ƙa'idojin maganin asma ya daina ba da shawarar a riƙe babba ko matashi da shuɗin inhela kaɗai.

Likitoci na auna riƙon ciwon da tambaya huɗu game da mako huɗun da suka wuce. Alamomin sun taso da rana fiye da sau biyu a mako? Sun tashe ka daga barci ko da sau ɗaya? Ka bukaci shuɗin inhela fiye da sau biyu a mako? Sun hana ka wani aiki da ka saba? Ko da ɗaya ce aka amsa da i, riƙon bai cika ba. Wanda ke ƙarar da shuɗin inhela uku ko fiye a shekara yana cikin hatsarin mummunan tashi, wanda kuwa ke ƙarar da guda a kowane wata, rayuwarsa ce ke cikin hatsari. Mai ma'aunin ƙarfin huci a gida ya san lambarsa mafi kyau. In ta sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100 na wannan lamba, gargaɗi ne. In ta sauka ƙasa da rabi, gaggawa ce.

ALAMOMIN HATSARI

Waɗannan su ne ya kamata kowane malami, da shugaban ɗakin kwana, da abokin aiki, da uwa da uba su haddace. Mutum ya kasa ƙarasa magana guda sai ya tsaya ya ja numfashi. Ya kasa kwanciya, ya zauna ya dafa gwiwoyinsa, kafaɗunsa na ɗagawa. Numfashinsa ya kai 25 ko fiye a minti guda in babba ne, ko ya wuce 40 ga yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyar. Zuciyarsa na bugawa da sauri, gumi na keto masa. Ya shaƙi inhela ba sauƙi, ko sauƙin bai kai awa huɗu ba. Leɓɓansa da harshensa sun sauya launi. Ga mai baƙar fata ba a cika ganin shuɗin da littattafai ke faɗi ba, sai a duba cikin leɓe da dasashi da ƙarƙashin farce, za a ga sun yi toka-toka.

Akwai alama guda da ke yaudarar mutane ƙwarai. Mutum na cikin tsananin wahala, ƙirjinsa na ta kuka, can sai kukan ya ɗauke, ya yi laushi, barci na fizgarsa, ko ya fara magana ba kan gado. Na kusa da shi sai su ce sauƙi ya samu, a bar shi ya huta. Alhali kuwa kukan ya ɗauke ne domin iskar da ke wucewa ta yi ƙarancin da ba za ta iya yin sauti ba. Wannan ita ce mafi munin alama, minti guda ba abin ɓatawa ba ne.

Abin da za a yi shi ne a zaunar da shi tsaye, kada a kwantar da shi. A sassauta masa tufafi, a rage taron jama'a, a kwantar masa da hankali. A ba shi shuɗin inhela fesa ɗaya-ɗaya, yana shaƙa, a bar rabin minti zuwa minti guda tsakanin kowace fesa, har zuwa fesa goma. Maganin ya fi shiga huhu in an bi da shi ta cikin wani bututu na musamman da ake sawa tsakanin inhela da baki. In babu shi, wani bincike da aka yi a asibitin yara na birnin Kef Tawun a Afirka ta Kudu, aka buga a 1999, ya nuna cewa robar ruwa mai rabin lita da aka huda gindinta aka cusa bakin inhela ta toshe sosai tana yin wannan aiki. In babu sauƙi, ko an ga ɗaya daga cikin alamomin hatsari, a nufi asibiti nan take, ana ci gaba da ba shi maganin a hanya. Kada a tsaya yin turare ko shafe-shafe, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada kuma a jira gari ya waye.

KIRA GA JAMA'A

Har yanzu ba a sami maganin da ke raba mutum da asma gaba ɗaya ba, amma akwai wanda ke riƙe ta har mutum ya yi karatunsa da aikinsa da wasanninsa kamar kowa. Paula Radcliffe ta Ingila, wadda ta kafa tarihin duniya a gudun fanfalaki na mata a Landan a 2003, mai asma ce. Maganar da ake yaɗawa cewa wanda ya fara shaƙar inhela ya kamu ke nan ba zai iya bari ba, ba ta da tushe. Haka kuma ɓoye ciwon 'ya mace don gudun kada ta rasa miji, ko ɓoye na yaro ga hukumar makaranta, jefa su cikin hatsari ne, domin ranar da abin ya tashi ba wanda zai san abin yi.

Muna kira ga shugabannin makarantu da su riƙa tambayar iyaye tun ranar ɗaukar ɗalibi, su ajiye sunayen masu asma, su bar kowannensu ya riƙe inhelarsa a aljihu maimakon a kulle ta a ofis, su kuma ɗauke musu aikin shara da ƙona bola. Ma'aikatun lafiya na jihohi su tabbatar akwai inhela iri biyun nan da ma'aunin ƙarfin huci a ƙananan asibitoci, ba sai a manyan birane kaɗai ba. Ranar Talatar farko ta watan Mayu ita ce ranar asma ta duniya, wadda aka fara kiyayewa tun 1998, dama ce kuwa da makarantu da ma'aikatu za su gayyato likita ya yi wa jama'a bayani. Mai karatu kuma ya saurari gidansa yau da dare. In akwai wanda tari ke tasa gab da asuba, mako bayan mako, to, a daina sayen maganin tari, a kai shi a duba ƙirjinsa.